Kafaɗata Ce a Hoton

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai tsayuwar wanke-wanke a otal ɗin tana ɗan taɓa min baya. Kar ki gaya mata.

Jiya a ɗakin hutun ma'aikata aka nuna shirin Dogo da Auta a talabijin, yadda suka taso tare har waƙarsu ta cika duniya. Na ga garejin Baba, inda muke gwajin waƙa mu uku, ni da su. Sai ga tsohon hotonmu, an yanke gefen da nake, saura kafaɗata. Na ce wa kuku, "Kafaɗata ce waccan." Ya ce, "Ni ma ga kunnena can." Na taya shi dariya.

Ban ga laifinsu ba. Ranar da zan taho, Auta ya riƙe jakata yana roƙo in ƙara haƙuri. Na ce waƙa ba ta cika ciki.

In kin gan su, ki ce Allah ya ƙara ɗaukaka. Jitata kuma ki ba babban ɗanki, na ji yana so. In ya dame ku da kiɗa, don Allah ku ƙyale shi.

Ƙaninki.