An Tsige Ni Daga Malantar Turanci

Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya maigida, ya sanyin Jamus? Mu nan unguwar Nima lafiya lau.

Ina sanar da ke cikin alhini cewa an tsige ni daga muƙamin malamin Turancin gidan nan. 'Yarki Rabi ce ta tsige ni.

Babbar jarrabawarta saura sati uku, ta ce ba ta gane aikin suna a jimlar Turanci ba. Na ce ai mun sha wannan a nahawun Larabci: mai yin aiki fa'ili, wanda aikin ya faɗa wa maf'uli. Ranar gwaji ta gano kowane suna daidai, amma ta rubuta fa'ili da maf'uli. Ticarta, 'yar ƙabilar Ga, ta ba ta sifiri.

Ta dawo da kuka: "Kawu, ka san sunansu da Turanci?" Na ce sarai. Ta ce, "To, ajiyarsu kake yi da ba ka faɗa mini ba?"

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ki sa Rabi a addu'a, ki gaida yara. Kwana biyu ina kushe ticar, amma laifina ne.

Ƙanenki,
Haruna