Ɗankunnen Mma

Nima, Accra

Zuwa ga Yaya Awabu,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da na dame ki da wasiƙa, alhali na san hidimar jikoki ta ishe ki. Ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara da duk mutanen Kumasi. Yaya ƙafar taki? Mu nan alhamdulillahi. Mma tana ci tana barci, sai dai idon.

Likita ya ce ganin nata raguwa zai ci gaba da yi. Manyan abubuwa take gani yanzu, ƙanana sun tafi. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa, wai tana so ta sake ganin furen da Baba, Allah ya jiƙansa, ya zana a ɗankunnen azurfar da ya ƙera mata kafin aurensu, tun yana maƙerarsa ta Sabon Zongo. Kin san furen, bai fi ƙwayar dawa ba.

Ƙanenmu Gafaru ya ce zai ɗauki hotonsa ya ƙara masa girma don ta gani. Ban da gyaran waya, yanzu yana da wata kyamara da yake ɗaukar ƙananan abubuwa da ita, har idon tururuwa. Na fara tambayar malamin unguwarmu, ya ce hoton fure babu laifi, sannan hankalina ya kwanta.

Aikin ba ƙarami ba ne, Yaya. In kyamarar ta matsa kusa haka, wuri ɗan siriri kamar gashi ne kawai yake fita sarai, saura duk dishi-dishi. Sai ya ɗauka, ya murɗa wani ɗan ƙarfe ta matsa kaɗan, ya sake ɗauka, har hotuna su haura ɗari, kwamfuta ta tsinci wurin da ya fita a kowanne ta haɗa su zama ɗaya. Na ce masa wannan ai yankan albasa ne a sake harhaɗa ta. Ya ce ko malaminsa bai faɗa da kyau haka ba, amma na san zolaya ce.

Ni kuma na yi ɓarna. Na ga ɗankunnen ya yi baƙi, na ji kunyar a ɗauke shi da dauɗa, sai na goge shi tas da toka da lemun tsami. Da ya haska fitila sai ƙyalli kawai, fari fat, babu fure babu alamarsa. Ashe baƙin da ke cikin zanen shi ke nuna shi. Gafaru ya dafe kai, tun ranar Hajiya Tsabta yake kirana. Ga kuma maƙwabciyarmu Sadia, duk sanda ta ɗaga taɓarya tana dakan fufu sai tebur ya girgiza, hotunan su ƙi haɗuwa.

Ki taya mu da addu'a. Mma na gaishe ki.

Ƙanwarki,
Hawawu

Nima, Accra

Zuwa ga Yaya Awabu,

Assalamu alaikum. Ga ni kuma, ki gafarce ni. Da fatan kun tashi lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi.

Na kasa ɓoye wa Mma abin da na yi. Na zata za ta yi faɗa, sai ta yi dariya, ta ce Baba ma in ya gama aiki baƙin fitila yake shafawa ya goge sama. Ba mu da fitilar kananzir yanzu, sai ta ba ni tozalinta. Na shafa da tsinke, na goge a hankali, zanen ya dawo.

Saura ƙyallin. Gafaru ya gwada takarda, ya gwada robar man shanu, duk bai yi ba. Daga baya ya ari farin mayafin Mma, ya kewaye ɗankunnen da shi kamar ɗan tanti, ya mayar da fitilar gefe guda ta haska ta bayan yadin. Hasken ya yi laushi kamar na safiya, kowane layi da 'yar inuwarsa. Ni na riƙe bakin mayafin, ko numfashi da dabara nake yi. Sadia kuwa da ta ji dalili ta ajiye taɓarya, ta ce yau mijinta ya ci banku, tuwon da ba ya buƙatar daka, ko ya kwana da yunwa. Ta tsaya a ƙofar gida tana korar yara masu ƙwallo.

Da hoton ya haɗu muka sa shi a babbar talabijin ɗin Sadia. Fure ya cika fuskar talabijin, Yaya! Mma ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta bi ganyen furen da ido ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗora yatsa a kan wani ganye da ya karkace, ta fashe da dariya har da hawaye. Wai ranar da Baba yake zana shi ta wuce ta gaban maƙera da tallan koko ta gaishe shi, ya ɗago kai, hannunsa ya goce. Ya so ya narkar da shi ya sake, ita ta hana. Duk tsawon shekarun nan ba wanda ta gaya wa.

To ga abin da ya sa na dame ki. Ɗaya ɗankunnen yana wurinki tun bikin 'yarki Latifatu. Mma ta ce tana so ta ga wanda Baba ya ƙera ranar da ba ta wuce ba, ta gani ko ya iya aiki in ba ta kusa. Idon ba ya jira, Yaya. Ki ba direban da kika yarda da shi ya kawo tashar Tudu nan Accra, Gafaru zai karɓa. In za ki iya zuwa da kanki ya fi. Don Allah kada ki wanke shi.

Ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Hawawu