Ɗinkin Bahago

Ranar Lahadi

Maman Gimbiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Ya karatu, ya gajiyar asibiti? Wata biyu ke nan da tafiyarki kwas ɗin nan, ni kam na daina ƙirga sauran, don ƙirgar ba ta rage komai. Gimbiya na gaishe ki. Ta ce in shaida miki yanzu ina taje mata kai ba ta kuka, sai dai harara.

Kin san halina a waya. Ki tambaya, in ce lafiya lau, mu yi sallama. Shi ya sa yau na ɗauki biro. Motarmu ta mutu, mutuwar da babu tashi. Kwana goma sha biyu da suka wuce, muna kan gadar nan ta hanyar makaranta, ta yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta tsaya cik. Yayanki ya bar garejinsa ya zo, ya buɗe gaba, ya duba, ya rufe a hankali. Ya ce injin ya buga, kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar. Shekara goma sha ɗaya tana ɗawainiya da mu, ƙarshenta masu sayen ƙarafa ne suka ja ta.

Ba motar ce ta dame ni ba, yarinyar nan ce. Kin san duk garin nan makarantarsu ce kaɗai ba ta da matakala, inda kekenta zai shiga har cikin aji, ga ta kuma a wancan ƙarshen gari. Masu motocin haya da sun hango keken guragu sai su kau da kai su wuce. Ranar da ɗaya ya tsaya, ya ce zai ɗauke mu amma ban da keken. Na bar keken a shagona, muka tafi. Daga inda aka sauke mu har kan bencinta, a bayana na goya ta, yarinya mai shekara goma sha ɗaya, ƙawayenta suna tsaye suna kallo. Da aka tashi muka dawo gida. Nan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan ƙara zuwa a haka ba." Ban iya yi mata faɗa ba, don da ni ne ma abin da zan ce ke nan.

Tun ranar tana gida. Jarrabawar fita firamare saura mako huɗu, kuma shugabar makaranta ta aiko cewa duk wanda bai halarci bita ba, ba za ta tura sunansa ba. In haka ta faru, shekara guda ta tafi a banza, ƙawayenta su wuce su bar ta.

Na haɗa abin da masu ƙarafa suka bayar da wanda muke tarawa don sabon keken ɗinki. Ba shi da yawa, amma zai sayi mota ta hannu. Na san me za ki ce, don haka na riga ki: ba zan saya ba sai da Yayanki.

Ki riƙa cin abinci, kada ki dawo min kamar zare.

Naki,
Baban Gimbiya

Ranar Juma'a

Maman Gimbiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya ɗakin kwanan naku mai sauro? Mu nan lafiya, har da ƙari.

Albishirinki. Mun yi mota, kuma jiya da yau Gimbiya ta je makaranta.

Bari in faɗi laifina tun kafin Yayanki ya kai ƙarata: ban je da shi ba. Kwana uku ina zarya garejinsa, kullum yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai nake gani, yana cewa gobe. Ni kuwa in na dawo na tarar da yarinya ta buɗe littafi a tsakar ɗaki tana yi wa kanta bita, sai in ji zama ya gagare ni. Ran Laraba na ce bari in je wurin dillalai in kalla kawai. Kin san kallon nawa.

Wata shuɗiya ce, tsaf da ita. Dillalin bakinsa kamar an shafa zuma, amma wallahi ba zaƙin bakinsa ne ya kama ni ba. Ina buɗe ƙofa na ga kujerun. Maman Gimbiya, shekara ashirin da biyu ina kan keken ɗinki, ban cika ganin ɗinki irin wannan ba. Layi biyu a jere, ba inda ɗaya ya kauce wa ɗaya, kusurwa ta kwanta luf, ba tattara ko kaɗan. Na shafa da hannu, na leƙa ƙasa, ko bakin zare ban gani ba. Sai na ce a raina, wanda ya kula da abin da yake zama a kai har haka, ai inji sai dai ya riƙa yi masa wanka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Na tayar, ta tashi bugu ɗaya. Na sa tef na auna but, wurin kaya na baya, keken Gimbiya zai shiga in an naɗe shi. Kuɗin kuma daidai aljihuna, kamar an auna.

Yayanki ya ji labari, ya aiko a gaya min ya gode. Kin san irin wannan godiyar. Zai huce in ya shiga ya zauna.

Abu ɗaya ne, Gimbiya ta ce in rana ta yi zafi motar tana warin jiƙaƙƙen tsumma. Na ce mata hancin uwarta ta gado, wanda ke jin ƙauri tun kafin a kunna wuta. Na sayo turare na rataya.

Ki gaida ƙawayen karatunki, ki ce musu mijinki ya iya sayayya.

Naki,
Baban Gimbiya

Ranar Laraba

Maman Gimbiya,

Ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Mu ma jiki lafiya.

In kin riga kin gaya wa ƙawayenki na iya sayayya, ki koma ki janye. An cuce ni, ko in ce na cuci kaina, don ba wanda ya riƙe min hannu.

Ran Litinin da safe na danna hon, sai fitilu suka kama. Na kashe fitilu, gilashin baya ya sauka da kansa. Gimbiya tana ta dariya, ni ma ina taya ta, har muka kai shataletalen kasuwa, nan komai ya ɗauke ɗif. Mun fi awa biyu a bakin titi. Ta daina dariyar, ta riƙe jakarta a ƙirji tana kallon 'yan makaranta suna wucewa. A kekenta na turo ta gida.

Yayanki ya zo. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Ko inji bai buɗe ba. Ya shinshina, ya durƙusa, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya ce in leƙa. Busasshiyar laka ce da tsatsa, wayoyi duk sun yi kore. Ya ce motar nan ta kwana cikin ambaliya, ruwa ya ci wayoyinta, yau ta tashi gobe ta ƙi, haka za ta yi ta yi har ta gaji. Na kawo reza na farke bayan kujera da hannuna. Ga soso nan, rabinsa fari rabinsa baƙi, ruwa ya ja masa layi. Ashe kujerun da suka tafi da hankalina sabuwar riga ce aka ɗinka wa mara lafiya. Ni da nake rufa wa mutane tumbi da ƙusumbi da yadi kullum, ni aka yi wa haka.

Na koma wurin dillalin. Zumar ta ƙare. Ya ce ciniki ya faɗa, da idona na gani, da hannuna na tuƙa, shi bai san wani ruwa ba.

Jiya shugabar makaranta ta kira ni. Matar ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce ranar Litinin mai zuwa take rufe sunaye, in Gimbiya na zaune a aji ranar, za ta sa ta. Da na dawo, yarinyar ta ce in ba yadda za a yi, in goya ta, ta yarda, za ta rufe idonta har mu shiga. Maman Gimbiya, wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi min ciwo. Na shiga shago na rufe ƙofa, na daɗe ban taka keke ba.

Kin ce kada in saya sai da Yayanki, na ce to, na saɓa. Kuɗin nan kuma har da guminki a ciki. Ki yafe min. Ina kewarki ƙwarai, da kina nan da ko ƙofar gida ban fita da kuɗin ba.

Akwai abin da na lura da shi da na farke kujerar. Ƙullin ƙarshe ta hagu aka yi shi, an maimaita sau uku. Mutum ɗaya na sani mai ƙulla zare haka: Bahago, wanda muka koyi ɗinki tare a wurin maigidanmu, daga baya ya koma ɗinkin kujerun mota. Gobe zan neme shi. Ban san me zan ce masa ba.

Naki mai laifi,
Baban Gimbiya

Ranar Litinin

Maman Gimbiya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya lafiyarki, ya jarrabawar taku? Saƙonki ya iso. Na ɗauka zan sha faɗa, sai na ga layi biyu kawai, wai in ci abinci, mota ba ta kai ran mutum ba. Ke dai Allah ya bar min ke.

Na sami Bahago a wata rumfa bayan filin dillalan, ya yi furfura, ya fi ni tumbi. Muka rungume juna, muka yi dariyar maigidanmu da sandar awonsa. Sannan na ciro guntun ledar da na yanko na ajiye masa a kan keke. Yana gani ya gane, ya sunkuyar da kai. Ya ce shi aiki ake kawo masa, ya ɗinka a biya shi, ba ya tambaya, amma ba zai ce bai ga soson ba. Da na ba shi labarin Gimbiya sai ya tashi ya sa takalmi. Ya ce, "Duk motar da ta biyo ta rumfata, kada ka saya. Zo in nuna maka wadda ba a taɓa kawo min ba."

Can ƙuryar filin take, ƙarƙashin bishiya, tsuntsaye sun gama da rufinta. Rana ta cinye fentin, ba za ki ce ga launinta ba. Kujerun a yage, soso a waje, amma fari tas. Bahago ya ce ta wani tsohon malami ne da ido ya hana shi tuƙi, wata biyar tana nan, kowa ya leƙa sai ya wuce, shi kuma dillalin ya ga ba ta kai a kashe mata kuɗin kwalliya ba. Wannan karon ban ko taɓa ta ba. Na kira Yayanki. Ya zo ya yi awa guda a ƙarƙashinta, ya tayar, ya kara kunne, ya zagaya da ita unguwa. Da ya fito ya goge hannu ya ce, "Mummuna ce, amma za ta binne mu duka." A bakin Yayanki kin san wannan kirari ne.

Dillalin ya ƙi mayar da kuɗi, amma da muka ce musanya, har da saurinsa, yana ganin ya sake cin mu. Ko sisi bai ƙara mana ba. Na bar masa shuɗiyarsa da kujera a farke, Bahago kuma ya ce masa a gabanmu ba shi ba rufe ta. Ban san ko wani zai rufe ba, abin yana raina.

Asabar da Lahadi a shago na yi su. Na haɗa ragowar yadin labule na yi wa kujerun riguna. Gimbiya ce ta zaɓi kala, don haka ki shirya idonki: gaba kore, baya ruwan goro da furanni. Ƙofar bayan kuma gaba ɗaya take ɗagawa, keken yana shiga a tsaye ba sai an naɗe ba.

Yau muka fita tun bakwai saura. Duk hanya ina jiran in ji wata ƙara. Muka wuce kasuwa, muka haye gada, ba abin da ya faru. Muka isa ana buga ƙararrawa. Na sauke keken, na ɗora ta, na kama hannun zan tura kamar kullum. Sai ta ce, "Baba, bar shi, ka koma aikinka." Ta sa hannu a tayoyin ta murza da kanta, ta ratsa tsakiyar fili, jaka a cinya. Ƙawayenta biyu suka rugo, ɗaya ta kai hannu za ta tura, ita ma ta hana ta. Shugabar na tsaye a baranda da takarda, na ga ta dubi Gimbiya, ta sunkuya ta yi rubutu. 'Yarki ko waiwaye ba ta yi ba.

Na koma cikin mota na zauna. Ban san na daɗe ba sai da mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi, ya ce ko ta ƙi tashi ne, ya kira mutane a tura ni? Na ce masa a'a, motar lafiyarta ƙalau, ni ne dai ba na ganin hanya sosai, ya ba ni minti biyar.

Ki kula min da kanki. Mu biyu muna gaishe ki, ni na fi.

Naki har kullum,
Baban Gimbiya