Gurbin Ɗan Karɓi

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Mutum uku suka leƙo situdiyo yau, duk tambayarsu ɗaya: "Nu'uman, yaushe za a ɗora murya?" Na gaji da cewa kiɗa ne zalla, haka zai tafi. Ɗaya ma har da jajanta mini, wai Allah ya kawo mawaƙi. A Daura in ka yi kiɗa babu waƙa, ɗauka ake ba ka gama ba.

Na ci ɗanwake ni kaɗai a bakin ƙofa.

Laraba, 10 ga Yuli

Na tono tsohon kaset ɗin Baba, na wasan dambe a Baure. Kafin a fara wasa akwai ɗan abin da yake bugawa da kalangu, bugu bakwai, sai iska ta cinye sauran. Ɗumama hannu ne, ina ji. Na yanko shi na sa a kwamfuta yana maimaita kansa, na shimfiɗa masa jitar rege a ƙasa, fiyano irin na jaz a sama. Tsigar jikina ta tashi. Shekara uku da rasuwarsa, yau ga hannunsa a ɗakina.

Asabar, 13 ga Yuli

Bayan bugu bakwai ɗin akwai wani gurbi da ya ƙi cika. Na sa sarewa, ta yi kamar baƙuwa. Na sa goge irin na finafinan Indiya, ya zama kuka. Na sa jita, surutu. A ƙarshe na matso da bugun, na toshe gurbin gaba ɗaya, yana ƙarewa yana sake farawa. Ya yi daɗi. Ban san me ya sa nake jin kamar numfashina na tsayawa ba.

Na tura wa yayata Zinariya. Ita kaɗai ke sauraron abina har ƙarshe, ko da yake ina zargin wanke-wanke take yi a lokacin.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ba wanda ya zo.

Talata, 16 ga Yuli

Zinariya ta kira. Ta je gida, garinmu Babban Mutum, ta kunna kiɗan a tsakar gida tana tsince wake. Baffa Ɗantsoho na zaure. Wai sai ga shi ya shigo ba takalmi, yana cewa, "Wa ke kirana?"

Baffa ƙanen Baba ne. Shekara arba'in yana riƙe masa ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da ke amsa wa babba. Tun ranar sadakar bakwai bai ƙara yi mini magana ba. Ranar ya miƙo mini kalangun Baba a gaban mutane, ni kuma na ce, "Baffa, ni ba maroƙi ba ne, kiɗan zamani nake yi." Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau. A rubuce ya fi muni.

Na ce mata, kira kuma? Kiɗa ne babu magana.

Ta ce, "Kai dai ɗan makaɗi ne a suna. Kalangu ya taɓa buɗe baki bai ce komai ba?"

Ashe bugu bakwai ɗin cewa yake, Ɗantsoho, ko kana nan? Haka Baba ke yi kafin kowane wasa, ba ya farawa sai Baffa ya amsa da ɗan karɓi: Ina nan. Sirrinsu ne su biyu, sai ranar Baffa ya gaya mata. Ni kuma na sa mamaci ya kira ƙaninsa sau sittin da huɗu cikin minti huɗu, na toshe wurin amsa.

Ta ce Baffa bai yi faɗa ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron nan bai bar mini wuri ba." Ya koma zaure, ya ƙi cin tuwo.

Laraba, 17 ga Yuli

Na yi niyyar goge shi. Na kasa.

Haushi ma nake ji. Ina zan sani? Wa ya koya mini? To amma wa ya ƙi zama a koya masa?

Juma'a, 19 ga Yuli

Bayan masallaci na buɗe aikin, na cire sarewa, na cire goge, na mayar da gurbin yadda yake. Yanzu Baba ya kira, sai shiru na bugu uku, jitar kaɗai ke tafiya a ƙasa. Shirun nan ya fi duk abin da na taɓa haɗawa nauyi. Na ji shi sau ɗaya, na fita na zauna wajen mai gyaran babur har la'asar, don dai in ji mutane na magana.

Na tura wa Zinariya sabon. Ban ce ta kunna wa kowa ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Kwana shida, shiru. Na haɗa wa wani mai sabulu kiɗan talla. Ya ce a ƙara masa gudu.

Litinin, 29 ga Yuli

Da hantsi ina share ƙofa sai ga Baffa ya sauko daga babur da buhu a kafaɗa. Ya rame. Na durƙusa na ce, "Baffa, sannu da hanya." Ya wuce ni. Ya shiga, ya dubi kwamfuta, ita ya yi wa magana: "Kunna."

Ya ciro ɗan karɓi ya ɗaura a cinya. Zinariya ta taɓa gaya mini bai taɓa shi ba tun jana'iza. Baba ya kira. Kira na farko ya wuce Baffa, na biyu ma. A na uku ya amsa. Bugu uku kacal, kuma duk fiyanona da jitata sai ga su sun sami wurin zama. Ya yi ta amsawa har sittin da huɗun suka ƙare, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Ban ma danna ɗauka ba. Na manta.

Ya kwance ɗan karɓinsa ya rataya, ya fita. Na bi shi da ruwa, ya riga ya hau babur. Sai da na dawo na ga buhun a ƙarƙashin benci, da babban kalangun Baba a ciki.

Alhamis, 1 ga Agusta

Mantuwa Baffa ya yi da kalangun nan, tsufa. Zan mayar masa.

Damina ta saki fatar, na shanya shi a rana. Na ɗan matsa tsarkiyar a hammata don in ji ko ta tsinke, shi ke nan. Hammatata ta yi ja.

Asabar, 3 ga Agusta

Na je Babban Mutum mayar da kayan mutane. Gero ya kai ƙugu duk hanya. A ƙofar zaure na buɗe baki zan yi sallama, na fasa. Sai na ciro kalangun na buga bakwai ɗin, yadda dai ya zo.

Shiru. Na ji kunya kamar in juya.

Can daga ciki ya ce, "Matse tsarkiyar da kyau, Nu'umanu. Abin da ka faɗa ba sunana ba ne."

Na sake. Sai ɗan karɓi ya amsa.

Mun ci tuwo kwano ɗaya. Ba a tayar da maganar sadakar bakwai ba. Ya ce kiɗana ba laifi, sai dai mai fiyanon ya cika katsalandan. Ban gaya masa ni ne ba.

Kalangun dai na dawo da shi Daura. Na ce wa Zinariya ɗakin Baffa na yoyo, kada fatar ta lalace. Asabar mai zuwa ma zan koma, in duba masa rufin.