Wayoyi Biyu a Bututu Ɗaya

Amman, 6 ga Oktoba

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Mama ta ce ka sake hawa bishiyar zaitun alhali likita ya hana. Ni dai ban ce komai ba.

Aikin asibitin nan ya kusa ƙarewa. Manyan kwamfutoci shida ne, uku a tsohon gini, uku a sabon da ke tsallaken titi. Aiki suke kamar guda ɗaya: in wata ta mutu, sauran su ɗauki nauyinta, likita bai ma sani ba. Sharaɗin kawai kada layi ya yanke tsakanin gine-ginen biyu, don kowace daƙiƙa suna tambayar juna ko ana raye. In ya yanke, sakamakon gwajin jini da jerin magungunan marasa lafiya duk su tsaya cak. Shi ya sa na rubuta a takardar buƙatu cewa wayar fayiba, mai ɗaukar bayanai tsakanin kwamfutocin, guda biyu nake so, kowace da akwatinta, kowace da hanyarta.

A zane haka aka yi, ja ta bi gabas, shuɗiya ta bi yamma. Amma ni 'yar wanda ya yi shekara talatin yana gyaran wayar tarho a Irbid ce, kuma ban taɓa ganin ka yarda da layin da ba ka taka da ƙafarka ba. Na ɗauki ƙugiyar ƙarfen nan taka, na bi titi ina ɗaga murafan ramukan waya. A na huɗu, gaban shagon mai suyar falafel, na sami wayoyin biyu kwance tare cikin bututu ɗaya.

Na gaya wa Injiniya Haisam, shugaban aikin. Ya ce, "Haba Sausan, biyu kika ce, biyu aka sa. Ko sai mun kama wa kowace gidan haya?" Sabon rami aikin wata biyu ne, buɗe ginin kuwa ranar Alhamis. Na ce ba zan sa hannu ba. Ya sa nasa.

A gaida Mama. A ajiye mini man zaitun na farko.

'Yarka,
Sausan

Amman, 18 ga Janairu

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin bana bai taɓa gwiwar ba. Man ya iso, na gode.

Ka tambayi aiki. Tun da na ƙi sa hannun nan aka mayar da ni sashen da ake kira in na'urar buga takarda ta ƙi. Albashi bai canja ba.

Makon jiya na ga an shafa jan fenti a kwalta, daidai kan bututun. Masu gyaran famfo ne za su haƙa wurin. Na aika wa Haisam saƙo, shiru. Ranar Talata na ɗauki hutun kwana ɗaya, na je na tsaya a kan murfin ramin nan na huɗu tun bakwai na safe.

Direban motar haƙa, wani dattijo Abu Mus'ab, ya leƙo ya ce, "Ke 'yar'uwa, gadon ramin nan kika ci? Matsa mana!"

Na ɗaga murfin na nuna masa wayoyin, na nuna masa asibitin. Ya duba, ya ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya haɗa su wuri ɗaya?" Ya kashe mota. Da shebur suka haƙa wurin, awa uku, shugabansu yana ta zagina ƙasa-ƙasa. Na saya musu shayi.

Ba zan ɓoye maka ba, kafin in fito gida na yi tunanin in ƙyale su su yanke, kowa ya ga wanda ke da gaskiya. Minti goma na yi zaune da takalmi ɗaya a ƙafa. Na ji kunyar kaina.

Jiya Haisam ya aika wa kowa saƙo: kwana ɗari cif layi bai yanke ko sau ɗaya ba. Ya gode wa waɗanda suka amince da zanen, ba su bar tsoro ya ja aiki baya ba. An raba kayan zaƙi, kunafa, har teburina aka kawo. Na ci. Abin ya yi mini ciwo, Baba, fiye da yadda na zata.

An ce masu wutar lantarki za su haƙa titin a watan Maris. Ƙugiyarka tana wurina, kada ka neme ta tukuna.

Ka gaida Mama. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Sausan