Kujerar Direban da Ya Rasu

Baba Gambo, don Allah ka agaza mini, kaina ya kulle. Gyaran keke nake yi a Batsari. Ɗiyata Zuwairatu shan inna ya kama ta tun tana goye, da jan gindi take tafiya. Da aka buɗe firamare kyauta, sa'anninta duk suka shiga, ita kuwa tana ƙofar gida tana kallonsu. Sai na haɗa mata 'yar mota: ƙafafun keke huɗu, sarƙa, da feda da ake juyawa da hannu. Mazauni ya gagare ni. Na sa buhu, ya goge mata baya har ya yi gyambo.

A Safana na ga wata a-kori-kura da ta kife a hanyar Runka, ana sayar da tarkacenta. Na sayi kujerar direba da araha, na ɗaure ta da waya. Wallahi ranar yarinyar nan ko abinci ta kasa ci don murna.

Ashe motar Salmanu ce, ɗan maƙwabciyarmu Iya Marka, kuma a kan kujerar nan ya cika. Tsohuwar ta gane ta da layar da ita kanta ta ɗaura a ƙarƙashi. A tsakiyar hanya ta zube. Yanzu kullum da safe sai ta fito ta bi motar Zuwairatu tana kuka har makaranta. Yara sun daina matsowa kusa da ɗiyata, wai kujerar gawa ce. Matata ta ce in ƙona komai. Ni kuwa haushi nake ji, ƙarfe da soso ne fa! Amma idan na ji kukan tsohuwar nan, sai tausayinta ya kama ni. Zuwairatu ta ce in aka karɓe motar, ba za ta ƙara fita ba har ta mutu. Yaya zan yi?

Mai gyaran keke, Batsari

Malam, sannu da ɗawainiya. Gaskiyarka, kujera ba ta ɗauke da ajali, kuma ba a ƙona ƙafar yarinya don tsoron bakin mutane. Motar nan ta zauna. Amma Iya Marka ba camfi take yi ba. Ɗanta take gani yana wuce ƙofarta kowace safiya, kuma ba ta da inda za ta kai wannan.

Ka fara haɗa sabon mazauni kafin ka taɓa tsohon, kada yarinyar ta rasa makaranta ko kwana ɗaya. Katako mai kauri, da majingina, ka ɗaure da noti huɗu, don waya takan tsinke a gangara. Baduku ya ɗinka maka matashi da audugar rimi, ya yi ɗamarar fata ta riƙe mata ƙugu. Gyambon nan kuma a kai ta asibiti a duba shi.

Sannan ka ɗauki kujerar da layar, kai da wani dattijo, ku kai wa tsohuwar har ɗakinta. Kada ka aika. Ka yi mata ta'aziyya, ka ce ba ka sani ba, ka bar mata abinta. Kukanta ba zai ƙare ranar ba, amma zai koma cikin gida.

Allah ya jiƙan Salmanu, ya sanyaya zuciyar uwarsa, ya ba Zuwairatu ilimi mai amfani.

Baba Gambo