Matata Ta Daina Taɓa Komai A Gidanmu

Goggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, domin na rasa wanda zan kai wa wannan magana bai yi min dariya ba. Ni kafinta ne, ba yaro ba, furfura ta fara leƙo min a gemu. Ina da shagona, ina da mata da 'ya'ya biyu. Matar ce take shirin tafiya wajen yayarta, wai hutu. Ni kuwa na ga irin akwatin da ta sauko da shi daga saman kabad, ba na hutu ba ne. So nake ki gaya min yadda zan tsayar da ita.

Sai na koma baya kafin ki gane. A hannun yayana na koyi aikin katako bayan rasuwar mahaifinmu. A zuciyata Babban Gwani nake kiransa, don a ganinsa tun da aka fara sare itace a duniya ba a taɓa buga ƙusa daidai ba sai da aka haife shi. Ba ya duka, ba ya zagi. Da ma dukan yake yi, da tuni na manta. Abin da yake yi shi ne, in na gama kujera na goge ta na ajiye, sai ya bari mai ita ya zo ɗauka. Sannan ya taso a hankali kamar mai ciwon baya, ya kewaye ta, ya ɗora tafin hannu ya girgiza ta, ya ja wani siririn tsaki, ya ɗauki guduma ya zare ƙusar da na buga, ya mayar da ita cikin ramin da ya zare ta. Cikin ramin fa, Goggo! Sai ya dubi mai kaya ya yi murmushi ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Har na yi gemu ina yaro a shagon nan.

Da na gaji na tattara zartona da gudumata na buɗe nawa wurin. Alhamdu lillahi, aikina ya karɓu, kuma ni dai na warke. Na yafe masa. Yanzu ma ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ko kan ƙusa ba ya gani, amma har yau in ya zo gidana sai ya girgiza kujera kafin ya zauna. Ina kallonsa, ba na cewa komai.

To ga matsalar. Matata mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba, amma Allah ya ba ta wani hannu mai bin bayan aikin mutum. In na rufe ƙofa na sa sakata, sai ta zo ta taɓa ta ji ko ta shiga. In na rataye madubi, sai ta ɗan tura gefensa da yatsa. Na ɗaure wa 'yarmu igiyar takalmi, ta sunkuya ta kwance ta sake ɗaurewa, kamar ɗaurin takalmi wani karatu ne da sai an je jami'a. Sufeto nake ce mata, tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Ba ta san duk lokacin da ta yi haka sai ƙeyata ta ɗau zafi ba, kunnena ya yi ɗif, har ƙanshin garin katakon shagon yayana nake ji a hancina.

Kwanakin baya na yi mata wata kanta ta katako a bangon kicin don ta jera farantan tangaran ɗin da mahaifiyarta ta bar mata. Na zaɓi katako mai kyau, na goge, na shafa fenti, na kafa. Ƙanwarta da wata maƙwabciya suna tsaye suna yabawa. Sai Sufeto ta matso, ta ɗora tafin hannu a kai, ta girgiza. Wallahi ban san lokacin da guduma ta zo hannuna ba. Na ɓamɓare kantar daga bango, na farfasa ta a tsakar kicin, na ce tunda ita ce gwanar, ga katako nan ga ƙusa, ta yi da kanta. Yara suka sa kuka, maƙwabciya ta sulale. Amma ki rubuta ki ajiye, ko yatsa ban ɗora mata ba, ban taɓa dukanta ba tunda muke.

Daga baya ta ce wai ita tsoron nauyin farantan ta ji. Ban ba ta labarin yayana ba, kuma ban ga dalili ba. Namiji da gemunsa ya zauna yana gaya wa mace wai an taɓa ja masa tsaki?

Tun ranar ta daina taɓa komai. Madubi ya karkace, ta bar shi. Kujera ma sai ta tambaye ni kafin ta matsar. In ina zaune a falo, ta jikin bango take wucewa. In ta kawo abinci sai ta tsaya tana kallon fuskata har in kai loma. Yara da sun ji ƙarar babur ɗina sai su yi tsit. Wai tsoro! Tsoron wa? Abin da nake so dai na samu, ba mai bin bayan aikina, amma gidan ya koma kamar ɗakin jiran likita. Goggo, yaya zan yi ta fasa tafiyar, ta dawo da dariyarta, amma ban da taɓe-taɓen nan? Kuma ki faɗi gaskiya, ita ba ta da laifi?

Daga Kafintan da aka ƙure

Malam kafinta, na karanta wasiƙarka, kuma tunda gaskiya ka nema, sai ka gyara zama.

Da yayanka zan fara. Abin da ya yi maka cin mutunci ne, kada wani ya ce maka ai tsaki ne kawai. Mutumin da ba ya jin shi gwani ne sai ya kunyata marayan ƙaninsa a gaban baƙi, wannan ba gwani ba ne, matsoraci ne da ya ga hannun yaro yana neman fin nasa. Ya zare ƙusa ya mayar da ita raminta, kai kanka ka san babu abin da ya gyara. Zafin da kake ji a ƙeya na gaske ne, ban raina shi ba.

Amma wa ya gaya maka ka warke? Ka tashi daga shagonsa ne kawai. Mutumin da ya warke ba ya farfasa aikin hannunsa a gaban 'ya'yansa don an taɓa katako. Kai da ka ce ka yafe, tsohon da ya yi maka laifin yana girgiza kujerarka kana masa shiru cikin ladabi, sai baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba ita ce kake da ƙarfin yi wa tsawa. Wannan jarumtar ba ta burge ni ba.

Ka tambaya ko tana da laifi. Kwance ɗaurin takalmin da uba ya yi a gaban yarinya, eh, zai iya sosa rai, kuma magana ce da ake yi cikin ruwan sanyi a wuce wurin. Sauran fa? Mace ta taɓa sakata saboda 'ya'yanta suna cikin gidan, ta gwada ƙarfin kantar kafin ta ɗora abin da uwarta ta bar mata. Ni ma da zan gwada, ko da wanda ya ƙirƙiro guduma ne ya kafa ta. Ka ba ta suna tana dariya, kana tara mata laifi a ranka, ka yanke mata hukunci a kan shari'ar da ba a taɓa karanta mata ba. Girman gemu ya hana ka ba ta labari, amma bai hana ka haukacewa a gaban maƙwabciya ba.

Kana tutiya da cewa ba ka taɓa dukanta ba. Yayanka ma bai taɓa dukanka ba, da bakinka ka faɗa. Ka sake karanta abin da ka rubuto: mutum yana bin jikin bango, yana tambaya kafin ya matsar da kujera, yana tsaye yana karantar fuskar wani don ya san ko aikinsa ya yi. Wannan tsayuwar ba baƙuwarka ba ce, ka yi ta shekara da shekaru. Yanzu a gidanka ake yin ta, kuma kai ake kallo.

Ga abin yi. Ka zaunar da ita yau, ba gobe ba. Haƙuri za ka fara ba ta, tsurarsa, babu "amma ke ma". Bayan ta ji wannan sannan ka ba ta labarin shagon nan kaf, har da tsakin, har da "yaro ne". Ba don ta wanke ka ba, sai don ta san ba hannunta ne ya yi laifi ba. Yaran ma ka durƙusa daidai tsayinsu ka ce Baba ya yi kuskure, ba zai rage maka komai ba.

Ka gode Allah jikinka yana sanar da kai kafin abin ya zo. Da ƙeyar ta ɗau zafi, ka ajiye duk abin da ke hannunka, ka fita, ka wanke fuska, ka taka zuwa ƙarshen layi ka dawo. Ka gaya mata tun yanzu cewa in ta ga ka fita haka ba fushi da ita kake ba, wuta kake kashewa. Kafin ka buɗe baki ka dubi hannun da ya taɓa abin da kyau, ka tambayi kanka na wane ne. Sannan ka fara saba wa kanka kaɗan-kaɗan: in ka gyara wani ƙaramin abu, kai da kanka ka kira ta ta gwada. Zuciyarka za ta buga, ka tsaya ka ja numfashi har ta lafa, za ka ga ba ka mutu ba. In abin ya fi ƙarfinka, akwai masu duba irin wannan damuwa a asibiti, ka je. Wanda ya yi tsawa a kicin ba shi da sauran kunyar da zai ɓoye wa likita.

Batun tsayar da ita kuwa, ka cire shi. Ba za ka sami dariyarta ka bar hannunta ba, tare suke zuwa. In bayan ta saurare ka ta ce har yanzu tana son ta je ta huta, ka raka ta da mutunci, kada ka tara mata dangi, kada ka dame ta da kira. Mai tsoro ba a tsare shi da ƙarin tsoro.

Kuma kada ka ƙara auna lafiyarka da shirun gidanka. Ranar da matarka ta dube ka ido cikin ido ta ce maka ba ka yi daidai ba, ba tare da ta saci kallon abin da ke hannunka ba, ranar ce ka fara samun sauƙi. Allah ya nuna maka ita, ya sanyaya maka zuciya, ita kuma ya ba ta ƙarfin jira, in ta ga za ta iya.

Goggonku